Allurar baya ko ta barci: wacce ta fi dacewa da mai cikin da za a yi wa aiki?

Ranar da aka yanke wa ƙanwata ranar aiki a wajen awo, saboda ɗan ya zauna bai juyo ba ga kuma ɗinkin haihuwar fari, ba wuƙar likita ce ta raba kan gidan ba. Allura ce. Surukarta ta kafe kan cewa kada a kuskura a soki yarinya a gadon baya, wai akwai wata a unguwarsu da tun da aka yi mata ko taɓarya ba ta iya ɗagawa. Maigidan kuwa barcin yake tsoro, ya sha jin labarin wanda aka kwantar bai tashi ba. Ita mai cikin ta yi tsuru a tsakiya tana kallon kowa. Na san a nan Zariya, daga Tudun Jukun har Hanwa, ba gidanmu kaɗai ake wannan jayayya ba, shi ya sa na zauna na jera abin da ya kamata a ɗora a sikeli.

Wanda ke tsaye ta wajen kanki a ɗakin tiyata, likitan barci ne ko nas da ta karanci fannin, shi ke da magana ta ƙarshe. Amma idan aikin na shiri ne za a nemi ra'ayinki, kuma hannunki ko na maigida ne zai hau takarda. Gara a sa hannun ana sane da abin da aka amince da shi.

Da me za a auna?

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran duka, numfashin uwa da jininta. Jikin mai tsohon ciki ba kamar na kowa ba ne. Cikin ya tura huhu sama, saboda haka iskar da ta ajiye ba ta da yawa, in numfashi ya tsaya nan da nan oksijin ke ƙarewa. Maƙogwaro ya ɗan kumbura. Ƙofar tumbi ta saki, abinci kuma yana daɗewa bai wuce ba, musamman in ana naƙuda. Wani likita a Amurka mai suna Mendelson shi ne ya yi bayani a 1946 kan yadda ruwan tumbi mai tsami ke kwarara cikin huhun masu haihuwa da aka sa barci ya ƙona shi, kuma har yau da sunansa ake kiran matsalar.

Bayan wannan sai lafiyar jariri, sai saurin da maganin ke kama jiki da tsawon lokacin da yake ɗauka, sai yadda za ki kasance bayan an fito da ke, sai kuɗi. Na ƙarshe shi ne wanda mutane ba su cika tambaya ba, alhali a wurina shi ne na biyu a muhimmanci: me asibitin yake da shi, kuma wa zai zauna a kanki har a gama?

Allurar baya

Za a zaunar da ke a bakin gadon tiyata, ki sunkuyar da kai, ki turo baya waje kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. A wanke wurin, a kashe fatar da 'yar ƙaramar allura, sannan a shigar da siririyar allura tsakanin ƙasusuwa biyu a daidai kugu. Laka, wato babbar jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, tana ƙarewa ne sama da wannan wuri. Abin da allurar ke nema shi ne ruwan da jijiyoyi ke iyo a ciki, ba ƙashi ba, ba kuma lakar ba. Maganin, wanda galibi bufibakain ne, bai wuce rabin cokalin shayi ba. Ana zare allurar nan take, ba a barin komai a bayanki.

Cikin minti biyar zuwa goma ƙafafu za su yi ɗumi, su yi nauyi, ki nemi ɗaga su ki kasa. Mutuwar jikin za ta hau har ƙasan nono, kuma sai an gwada ki da abu mai sanyi ko ɗan tsini kafin a fara. Ga abin da ba a cika faɗa wa mata ba, sai su firgita: za ki ji ana taɓa ki, ana ja, ana danna saman ciki lokacin fito da ɗa. Zafin yanka ne ba za ki ji ba. In kin ji zafi na gaske ki yi magana, ba wurin kunya ko nuna jarumta ba ne. Wani lokaci allurar ba ta kamawa sosai, sai a sake ta ko a sa ki barci.

Falalarta babba ita ce kina numfashi da kanki, kina tari da kanki, maƙogwaronki na hannunki. Maganin da ke isa ga jariri kaɗan ne ƙwarai. Za ki ji kukansa na farko da kunnenki, a nuna miki shi, kuma za ki iya sa shi a nono ya sha dakashi tun kafin ƙafafunki su dawo. Maganin yana ɗaukar awa biyu zuwa uku, wanda ya ishi aikin haihuwa na yau da kullum, ya kuma bar miki ɗan lokaci ba zafi bayan an gama.

Matsalarta da ta fi yawan faruwa ita ce faɗuwar jini. Jijiyoyin jini na ƙasan jiki suna sakewa, awon jini ya sauka, sai jiri, gumi da tashin zuciya. Wannan sananne ne kuma akwai maganinsa: ƙarin ruwa, ɗan karkata ki gefen hagu don ciki ya sauka daga kan babbar jijiya, da allurar efedirin ko makamanciyarta da ya kamata a ce tana cikin sirinji tun kafin a soke ki. Amma sai da wanda ke auna jininki duk bayan minti biyu ko uku. Faɗuwar jinin da aka gani da wuri wasa ce, wadda ba a gani ba tana iya tsayar da zuciya. Haka kuma, ba kasafai ba, maganin kan hau sama fiye da kima, hannaye su mutu, numfashi ya yi wuya, murya ta shaƙe. Da kin ji yatsun hannu sun fara mutuwa ki faɗa. Maganin wannan shi ne a taimaka miki da numfashi har ya sauka, wanda ke nufin ko allurar baya za a yi, dole kayan barci su kasance a shirye a ɗakin.

Sai ciwon kai. Shi kansa August Bier, likitan Jamus da ya fara wannan allura a 1898, da ya sa aka gwada a jikinsa, ciwon kai ya kwantar da shi kwanaki. Ruwan nan da jijiyoyi ke iyo a ciki ne ke ɗiga ta ƙofar da allura ta huda. Ana gane shi da cewa in kin zauna ko kin miƙe sai ya sare ki, in kin kwanta ya lafa, kuma yakan fara ne kwana ɗaya ko biyu bayan aiki. Siraran allurai na zamani sun rage shi sosai. Yawanci yana tafiya cikin mako ɗaya ko biyu da hutu, shan ruwa, farasitamol da shayi ko kofi, mai tsanani kuma ana toshe ƙofar da ɗan jinin mai jegon kanta. Amma kada a ɗora wa allura kowane ciwon kai. Mai jego da ke ciwon kai a fara auna jininta, domin hawan jini da jijjiga na iya zuwa bayan haihuwa. In da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ƙafa ta ƙi dawowa har washegari, a nemi likita a lokacin.

To, batun surukar ƙanwata fa? Wurin da aka soka yakan yi tsami na 'yan kwanaki, wannan gaskiya ne. Amma ciwon baya na shekaru, binciken da aka yi bai nuna allurar ce ke kawo shi ba. Wata tara na ɗaukar ciki, goyo, sunkuyon wanki da ɗibar ruwa sun isa su gajiyar da bayan kowa, har wadda ta haihu a ɗakinta. Shanyewar ƙafa ta dindindin tana faruwa amma da wuya ƙwarai. Wani babban ƙidaya da likitocin barci na Birtaniya suka fitar a 2009 ya sa lahani mai ɗorewa tsakanin mutum 1 cikin 24,000 da 1 cikin 54,000, a masu haihuwa kuma ya fi haka ƙaranci. Alƙaluman can ne, amma sun nuna girman abin idan hannu ƙwararre ne kuma kaya masu tsabta ne.

Ta fuskar kuɗi ita ce mafi sauƙi: allura ɗaya, kwalbar magani ɗaya, ledojin ruwa.

Barcin gaba ɗaya

A nan za a ɗora miki abin shaƙar oksijin na 'yan mintuna, a zuba magani ta jijiya, ki tafi. Sai a ba ki wani da ke sakar da tsokoki har numfashi ya tsaya, a zura bututu a maƙogwaro, inji ko hannun likita ya riƙa yi miki numfashi. Kada ki tsorata in kika ga an shafe cikinki da magani an lulluɓe ki kina ido biyu. Da gangan ake haka don a rage lokacin da maganin zai yi yana ratsawa zuwa ga jariri, kuma ba a taɓa wuƙa sai kin yi barci.

Duk haɗarin yana cikin waɗannan mintuna na farko da na farkawa. Zura bututun ya fi wuya a masu ciki. Alƙaluman ƙasashen da suka ci gaba sun nuna yana gagara a kusan mace 1 cikin 400, kuma ga oksijin ɗinta ba ya jira. Ga batun ruwan tumbi da na ambata. Iskar barcin da ake shaƙa kuma tana sa mahaifa ta saki, jini ya fi zuba. Jariri kan fito da mayen barci har sai an taimaka masa ya yi numfashi. Kuma da yake ana taƙaita magani saboda ɗan, mace kan ɗan farka ta ji abin da ake yi: wani rahoton Birtaniya na 2014 ya samu haka a kusan 1 cikin 670 na aikin haihuwa, alhali a jimillar duk tiyata kusan 1 cikin 19,000 ne.

Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2016, wanda ya tattara rahotannin ƙasashe masu tasowa, ya nuna mutuwar uwa ta ninka kusan sau uku a waɗanda aka sa barci idan an kwatanta da masu allurar baya. A yi adalci dai: waɗanda aka kawo a galabaice, jini na zuba ko suna jijjiga, su ake yawan sa wa barci, saboda haka ba duka laifin ke kan maganin ba. Kuma akwai ranar da barci shi ne ceto. Ya fi komai sauri, ba shi da iyakar lokaci ko aikin zai kai awa huɗu, kuma likita na riƙe da numfashi da jini a hannunsa.

Bayan an farka akwai zafin ɗinki nan take, kaushin maƙogwaro, amai da magagi. Shayarwa takan ɗan jinkirta. Ya fi tsada saboda magunguna sun kai biyar ko shida, ga bututu, ga oksijin, ga inji.

Akwai wani ɗan'uwansa da ya kamata a ware, wato ketamin. Shi ne abin dogaron ƙananan asibitoci da yawa, don yana da arha, ba ya faɗar da jini, kuma galibi mutum na ci gaba da numfashi. Ga wadda jini ya ƙare mata a wurin da ba inji, ya ceci rayuka. Sai dai ba ya hana amai shiga huhu, yana ƙara hawan jini, wanda mugun abu ne ga mai kumburi da hawan jinin ciki, kuma wajen farkawa akwai mugayen mafarkai da sambatu har dangi su fara zancen aljanu. In aikin shiri ne aka ce miki da ketamin kaɗai za a yi, ni dai zan nemi wani asibitin.

Efidural

Ita ma a baya ake yi, amma ba a shiga cikin ruwan da jijiyoyi ke iyo a ciki. Ana barin siririyar roba a wurin ana ƙara magani a hankali. Asalin amfaninta rage zafin naƙuda ne, in kuma aiki ya taso sai a ƙara ƙarfin maganin ta robar. Tana ɗaukar minti 15 zuwa 20 kafin ta kama, tana saukar da jini sannu a hankali, ana kuma iya tsawaita ta. Kayanta sun fi tsada, tana son ƙwararren hannu da mai sa ido, saboda haka sai a manyan asibitoci.

| Ma'auni | Allurar baya | Efidural | Barcin gaba ɗaya | Ketamin kaɗai |
|---|---|---|---|---|
| Hankali | Kina farke | Kina farke | Ba ki san komai ba | Kina cikin maye |
| Kama jiki | Minti 5 zuwa 10 | Minti 15 zuwa 20 | Minti 1 zuwa 2 | Minti 1 zuwa 2 |
| Daɗewa | Awa 2 zuwa 3 | Ana ƙarawa | Ba iyaka | Ana ƙarawa |
| Babban haɗari | Faɗuwar jini | Kamawa rabi da rabi | Bututu ya ƙi shiga, amai a huhu | Amai a huhu, hawan jini |
| Jariri | Magani kaɗan ke isa gare shi | Kaɗan | Yana iya fitowa da maye | Yana iya fitowa da maye |
| Bayan aiki | Ciwon kai ga wasu | Ciwon kai ga wasu | Zafi, amai, kaushin wuya | Mafarkai, sambatu |
| Kuɗi | Sauƙi | Tsada | Tsada | Sauƙi |

Asibitin da wanda ke kanki

Ko Asibitin Koyarwa na Shika za ki, ko Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko Wusasa, ko na kuɗi a Sabon Gari ko Samaru, tambayoyin ɗaya ne, kuma a wajen awo ake yin su, don ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai wanda aikinsa kawai shi ne kula da barci, daban da mai yankan? In wanda ya soka allura shi ne zai zagaya ya ɗauki wuƙa, ya bar kanki ba kowa ke nan. Akwai oksijin, da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa mai auna shi? In aka ɗauke wuta, janareta na tashi nan take? Akwai jini a ajiye, ko sai an fita nema? Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a nan Zariya tsakanin 1976 da 1979, kuma abin da ya fito fili shi ne mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awo ba, aka kawo su a makare.

A kan kuɗi, a nemi lissafi a rubuce wanda ya haɗa da maganin barci, don wasu wuraren daban suke cajinsa. Mai katin inshorar lafiya na KADCHMA (ta Jihar Kaduna) ko NHIA (ta ƙasa) ta tambaya tun da wuri abin da katin ya ɗauke. A Nuwamban 2024 ma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta, saboda haka ba laifi a tambaya ko asibitin na cikin shirin.

Ke ma da naki aikin. Awa shida ba abinci kafin aikin shiri, ko allurar baya za a yi, don ana iya komawa barci a tsakiya. Koko, kunu, fura da shayi mai madara duk abinci ne. Farin ruwa, har da zamzam, ana iya kurɓa zuwa awa biyu kafin lokaci. In gaggawa ce kuma kin ci tuwo ko dabino, ki faɗi gaskiya, ba za a fasa ceton ki ba, shiri za a canza. Ki faɗi maganin gargajiyan da kike sha, da tiramol ko kodin in ana sha, da haƙorin Makka ko mai girgiɗa. Masu ƙunshin jiran suna kuma su bar yatsa ɗaya ko biyu, domin baƙin lalle da jan farce na iya rikita na'urar yatsa.

Wa ya dace da me

Mai lafiya da aka ba rana, kamar ƙanwata: allurar baya, ba tare da dogon tunani ba. Ita aka yi mata, surukar kuma ita ta fara karɓar jikanta. Mai tsoron ganin jini ta sani akwai labule tsakaninta da cikin, kuma tsoro kaɗai bai kai a ɗauki haɗarin bututu ba.

Mai hawan jinin ciki da kumburi: mafi yawan lokaci allurar baya ta fi mata, domin zura bututu na harba jini sama. Sharaɗin shi ne gwaji ya nuna jininta na daskarewa yadda ya kamata. Wadda ke shan maganin tsinka jini, ko take da ƙurji a daidai wurin allurar, ba a soka mata sai likita ya duba.

Mai ƙiba sosai ko gajeren wuya: allurar baya ko efidural, ko da za a sha wahalar samun wurin. Mai sikila: duka biyu na yiwuwa, abin lura shi ne ɗumi, ruwa, oksijin da jini a kusa, a babban asibiti.

Wadda ta taɓa kumburi da haki bayan wata haihuwa ta buɗe baki ta faɗa. Ciwon zuciyar masu jego sananne ne a ƙasar Zazzau, tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka yi rubutu a kansa suna danganta shi da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Irin wannan zuciya ba ta son jini ya faɗi farat ɗaya. Wurinta asibitin koyarwa, inda za a duba zuciyar a zaɓi efidural a hankali ko barci na musamman.

Wadda jini ke ɓalle mata, ko mahaifa ta fashe, ko take jijjiga ba ta cikin hayyacinta, ko bugun zuciyar ɗan ya faɗi har ba a iya jiran minti goma: barci, kuma a nan ba zaɓi ake ba. Maigida, in aka miƙo maka takarda a irin wannan hali ka sa hannu a tsaye, sannan ka kira 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini su taho asibitin.